Ranar da Injin Leobardo Ya Yi Shiru

Eufemia Olvera tana tsaye a ƙofar garejinta da kofin kunun masara a hannu lokacin da motar yayanta ta karyo kwanar shagon mai gyaran takalma. Shekara ashirin da shida ke nan tana gyaran bocho a unguwar Cuautepec, tsofaffin motocin nan masu ƙirar kunkuru da inji a baya, waɗanda har yau su ne ke hawa tuddan unguwar da fasinja huɗu da kayan cefanensu ba su yi gardama ba. Ta san muryar kowace mota. Ta yayan nata Leobardo kuwa, fara mai lamba talatin da ɗaya a tashar tasi ta bakin kasuwa, wata biyu ke nan tana ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana dukan gwangwani da cokali, har yara suna kwaikwayonta.

Yau babu wannan ƙarar. Ga dai salansar da ta sani, ga kukan giya ta biyu, amma bayan motar tsit. Eufemia ta ajiye kofin a kan durom.

Leobardo ya tsaya a gabanta bai kashe inji ba. Ya sha sabuwar riga, ya shafe gashin bakinsa da mai. Shi ne shugaban direbobin tasha, ya ba ta shekara biyar, kuma tun ranar da mahaifinsu ya miƙa mata makullin garejin nan ya tsallake shi, bai ƙara kawo mata motarsa ba, ko iska ce a taya. A kujerar gaba mahaifiyarsu ce, Doña Herminia, ta lulluɓa da baƙin mayafi ta rungume kwandon furanni. A saman motar an ɗaure buhun sukari, kwalin kyandir da akwati biyu. Ƙauyensu na haihuwa za su, San Bartolo Xoconal, can cikin duwatsun Hidalgo, tafiyar awa biyar. Bana ƙanwar tsohuwar, Otilia, ita ce ke ɗaukar nauyin bikin waliyyin gari, kuma rabon 'yan'uwan biyu da ganin juna shekara goma sha biyu.

"Ke, ɗauko jakarki mu kama hanya," in ji Leobardo ta taga. "Mama ta hana ni barci tun da asuba."

"Kar ka kashe tukuna."

Ta zagaya baya, ta ɗaga murfin inji, ta tsuguna ta karkata kunne. Leobardo ya fito yana murmushi, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Kin ji ko? Sumul. Wata biyu kuna yi mini dariya, yau sai ku nemi wani."

"Wa ya taɓa ta?"

"Wani."

"Wane wanin?"

"Wani da ya iya."

Eufemia ta kai tafin hannunta bakin salansa. Iskar ba ta fitowa daidai: uku su bugo da ƙarfi, ta huɗu ta zo a sanyaye. Injin yana ɗan rawa a mazauninsa, kuma daga gidan Leobardo zuwa nan tafiyar minti goma ce kacal, amma ƙaurin ƙarfe mai zafi har ya daki hancinta. Ta miƙe ta goge hannu a gaban rigar aikinta.

"Kashe ta, Yaya. Wannan motar ba za ta hau dutse ba."

"Da tana ƙara kun ce ta lalace, yanzu ta yi shiru kin ce ta lalace. To waƙa kike so ta yi?"

"An ɗaure tafet ɗinta an shaƙe su. Shirun ke nan."

Doña Herminia ta sauke gilashi. "Me ake cewa ne? Ku yi magana yadda zan gane."

Eufemia ta matso ta sunkuya. "Mama, a cikin injin nan akwai 'yan ƙofofi takwas, bawul ake ce musu. Huɗu suna shigar da mai da iska, huɗu suna fitar da hayaƙi. Akwai ɗan ƙarfe da ke danna kowanne ya buɗe, shi ne tafet. To dole a bar ɗan fili tsakaninsu, kamar kaurin takarda biyu. In filin ya yi yawa sai a ji ƙara. In babu shi sam, ƙofar ba za ta rufe ruf ba, wuta ta yi ta lasar gefenta har ta cinye. A nan cikin gari zai iya kwana uku yana yawo. A hawan da ke bayan Pachuca, da wannan kaya, ba zai kai rabin hanya ba."

"To ki gyara mana mu tafi."

"Sai inji ya huce. Ba ɗumi-ɗumi ba, ya yi sanyi ƙalau. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, duk awon da aka yi masa a lokacin ƙarya ne."

"Minti nawa?" in ji Leobardo.

"Awa huɗu. Da fanka, uku da rabi."

Nan fa Leobardo ya tashi. Ya ce ya san za a yi haka. Ya ce shekara talatin yana tuƙi bai taɓa kwana a hanya ba, yau ƙanwarsa za ta koya masa mota a gaban jama'a. Jama'ar kuwa sun fara taruwa, don mai sayar da tamal, alalen masarar nan da ake dafawa a cikin ɓawonta, ta tsayar da kekenta, kuma Fidencio, direban lamba goma sha biyu, wanda ya zo shan iska a taya, ya jingina da motarsa yana washe baki.

"Shugaba, ina gwangwanin naka?" in ji Fidencio. "Jiya matata ta makara zuwa kasuwa, ta ce ba ta ji wucewarka ba."

"Kai dai sha iskarka ka ba mu wuri."

"Ni fa taimako nake. In za ku tafi haka, faɗa mini in biyo ku da igiya."

Aka kwashe da dariya. Leobardo ya koma ya kama murfin mota zai shiga. Eufemia ba ta ɗaga murya ba.

"Ka tafi in kana so. Amma Mama ba za ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba."

Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi 'yarta. Sai ta miƙa wa Eufemia kwandon furanni, ta dafa ƙofa ta fito a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"A ba ni kujera a inuwa. Shekara goma sha biyu na jira, awa huɗu ba za su kashe ni ba. Amma Leobardo, in ka ajiye ni a gefen titi a kan dutse da waɗannan gwiwoyin, wallahi sai ka gwammace ba a haife ka ba. Kashe abin nan."

Ya kashe.

Suka tura motar cikin rumfa. Eufemia ta kafa mata babbar fankar gareji a baya, ta sayo tamal shida da kunu ta ajiye a kan benci. Ta tuɓe tsabtatacciyar rigar da ta sa a ƙarƙashin ta aiki ta rataye, don ta san yau sai ta kwanta a ƙasa. Doña Herminia ta ci biyu ta fara gyangyaɗi. Leobardo ya ƙi ci. Ya ɗauki tsumma ya yi ta goge gilashin da babu ko ƙura a kansa, ya gama ya sake. Can wajen ƙarfe goma, da 'yan kallo suka watse, ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya jawo tamal ɗaya da ya riga ya huce ya ɓare.

"Ni ne," ya ce, idonsa a kan ɓawon masarar.

"Na sani."

"Ta yaya?"

"Ka mayar da murfin tafet na hagu a karkace, mai yana ɗiga. Ko mugun bakanike ba ya yin haka."

Ya tauna ya haɗiye. "Ran Lahadi ne, da na tashi aiki. Na ga wani yana yi a waya. Na ce yaya za a yi in kai Mama gida da mota tana kuka kamar injin niƙa, dangi su fito su tarbe mu. Na ɗaure ɗaya, ƙara ba ta tafi ba. Na ɗaure na biyu. Kafin in farga na bi su duka."

"Da zafinta?"

"Har na ƙone a nan." Ya nuna mata tabo a bayan hannu.

"Ga gareji, tafiyar minti goma daga gidanka."

"Garejinki."

"Garejin Baba."

"Da ya ba ki." Ya jefar da ɓawon a bokiti. "Ni ko sifana bai taɓa bari na riƙe ba."

"Kai! Ji tsoron Allah, Yaya. Sau nawa ya aike ni filin ƙwallo in kira ka? Ka ce in ce masa ban gan ka ba. Ni da aka bar wa wankin noti a cikin fetur tun ina shekara tara, har yau farcena bai koma fari ba."

Leobardo ya so ya musa, sai dariya ta suɓuce masa ta hanci. "Ai ni ne mai tsaron gida. In na tafi wa zai tsare?"

"To ga shi ka tsare."

Sha ɗaya da rabi ta wuce, Eufemia ta kai bayan hannunta ta taɓa kan silinda, ɗaya daga cikin ɗakunan wuta huɗu na injin, ta daɗe a haka. Sanyi. Ta shimfiɗa kwali biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ɗauko sifana mai lamba sha huɗu, sukudireba, da ma'auninta, 'yan siraran ganyayen ƙarfe da ake naɗewa kamar wuƙar aljihu. Ta zaro ganyen da ta fi amfani da shi, wanda lambarsa ta kusa gogewa saboda shafar yatsa.

"Tuɓe rigar nan," ta ce wa Leobardo. "Kai za ka juya mini fuli."

Ya tuɓe ya rataye kusa da tata. Ta nuna masa tsagar da ke jikin fulin, faifan nan da bel ke zagayawa a kansa, ta sa ya juya har ta daidaita da tsakiyar inji, sannan ta kwanta a dama ta ɓanɓare wayar da ke riƙe murfin tafet. Murfin ya fito da ɗan baƙin mai. Ta gwada zura ganyen a silinda ta ɗaya: ya ƙi shiga. Ta kwance noti, ta mayar da sukurun baya kaɗan-kaɗan, har ganyen ya shiga yana ja da ɗan nauyi. Ta riƙe sukurun cak da sukudireba, ta ɗaure noti, ta sake gwadawa, don sau da yawa ɗaurin ƙarshe ne ke sace awon. Daidai. Ta yi na kusa da shi.

"Juya baya, rabin zagaye."

A silinda ta biyu ta tsaya. Ta kwance sukurun gaba ɗaya ta fito da shi, ta goge a riga, ta miƙo hannu daga ƙarƙashin mota.

"Ga mai gwangwaninka."

Leobardo ya karɓa ya ɗaga a haske. Kan sukurun, inda ya kamata ya zama sumul kamar ƙwai, ya ɓare a gefe ɗaya ya yi rami.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi kaɗai. Sauran bakwai lafiyarsu ƙalau, ka bi su ka shaƙe saboda laifin ɗaya. Duba gwangwanin madara na uku a kan kanta, akwai sababbi."

Ya kawo, ta ɗaura ta auna. Sannan ta zagaya hagu, inda ta fi zargin ɓarna. Silinda ta uku ita ce ta fi kowacce ɗaukar zafi a waɗannan motoci. Ta kama ƙarfen da ke danna bawul ɗin hayaƙi ta girgiza: ko motsi, ya ɗame kamar an yi masa walda. Kwana uku yana aiki a haka. In har wuta ta riga ta ci gefensa, to sai an sauke inji, kuma tsohuwar da ke gyangyaɗi a inuwa ba za ta ga bikin ƙanwarta ba. Ta sassauta, ta auna, ta ɗaure. Ta fito ta ture Leobardo daga bakin fulin ta kama da hannunta biyu, ta juya a hankali, tana jiran inda silinda ta uku za ta matse iska. Fulin ya yi nauyi, ya ƙara nauyi, ya turje mata kamar sauran, babu tsiyayar iska ko kaɗan. Ta saki numfashi.

"Ka tsira," ta ce. "Da ka ƙara kwana biyu da wani zancen ake."

Saura silinda ta huɗu. Eufemia ta yi na farko, sannan ta mirgina gefe ta buga kwalin da tafin hannu.

"Sauko. Na ƙarshen naka ne."

"Ni? A'a, na yi ɓarnar da ta isa."

"Sauko mana, Shugaba."

Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta, tumbinsa yana gogar bamba. Ta sa masa ganyen a hannu. Karo na farko ya bar shi sakwaf, ganyen yana shiga yana fita kamar ba komai. Karo na biyu ya matse har ganyen ya lanƙwashe.

"Ba da ido ake yi ba. Rufe idon. Ka ji shi yana ja, kamar kana zare wuƙa daga cikin cuku."

Ya rufe ido. Ya juya sukurun ƙiris, ya ja, ya ƙara ƙiris. Fuskarsa ta sauya.

"Na ji shi."

"Riƙe kar ya motsa. Ɗaure."

Ya ɗaure. Ta karɓi ganyen ta gwada da kanta, sau biyu, ta kuma gwada na gaba da shi a kauri ta ga ya ƙi shiga. Ta naɗe ma'aunin ta sa a aljihu. Leobardo ya fito daga ƙarƙashin mota da mai a kunnensa, yana haki, yana kallon hannuwansa.

Ta sa sababbin fakin da ke hana mai ɗiga a murafun biyu, ta mayar da wayoyinsu, ta cika mai. Leobardo ya murɗa makulli. Bugu ɗaya injin ya tashi, ya zauna daram ba rawa, kuma daga ɓangarorin biyu wani siririn sauti yana fitowa a jere, tik-tik-tik-tik, kamar keken ɗinki a hannun tsohon tela.

"Ai har yanzu akwai 'yar ƙara," in ji shi.

"Ita ake so. Ranar da ka daina jin ta, ka zo."

Doña Herminia ta farka, ta gyara mayafi. "Kun gama faɗan? To a wanke hannu, kar wanda ya taɓa mini furanni."

Ƙarfe ɗaya suka bar Cuautepec. Suka wuce Pachuca rana ta fara karkata, hanya ta fara murɗewa tana hawa cikin itatuwan fir, hazo yana saukowa yana ɗagawa. A doguwar hawan nan da manyan motoci ke rarrafe, Leobardo ya sa giya ta biyu ya taka totur, motar ta ɗauka da buhunta da kyandir ɗinta da mutum uku, ba tari ba shaƙewa. Eufemia tana kujerar baya, daidai kan injin, ta jingina kai da jikin motar tana saurare. Minti ashirin suna hawa, sautin bai canja ba. Da suka kai ƙoli Leobardo ya dube ta ta madubi, ya ɗaga gira. Ta kau da kai tana kallon kwari, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Rana ba ta faɗi ba suka shiga San Bartolo. Otilia tana ƙofar gida da ludayi a hannu. Tsofaffin biyu suka rungume juna suna kuka suna zagin juna, kowacce tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa.

Washegari aka fito da mutum-mutumin waliyyi don zagaya gari. Hanyar doguwa ce, daga coci a gangara bakin rafi, a hau ta maƙabarta a dawo, kuma an ga cewa Doña Herminia da Otilia ba za su iya takawa ba. Masu shirya biki suka yi shawara, aka ce a sa su a farar motar su bi bayan masu busa. Aka lulluɓe bocho da furanni har madubi. Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya girgiza kai ya ce wa Leobardo injin da iska ke sanyaya shi ba ya son tafiyar ƙafa, awa biyu a giya ta ɗaya zai dahu.

"Ba wannan ba," in ji Leobardo da ƙarfi, yadda na nesa za su ji. "Ƙanwata ce ta saita ta jiya. Ga ta can. Duk Cuautepec babu hannu irin nata, maza da mata."

Eufemia ta yi kamar ba ta ji ba, tana gyara wani fure a kan bamba, amma kunnuwanta sun yi zafi.

Ta bi motar da ƙafa tun daga coci har aka dawo, taku biyu a bayan injin, ana ta harba tartsatsin wuta sama, masu kakaki da ganguna suna cika kwarin da amo. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya tana jin nata sautin yana tafiya a jere. Otilia ta leƙo ta taga tana ɗaga wa mutane hannu, Doña Herminia kuma duk wadda ta matso gaishe ta sai ta nuna baya da yatsa ta ce, "Waccan mai shuɗiyar riga, ita ce ta biyu a 'ya'yana. Ita ta kawo mu."

Da aka koma gidan Otilia aka jera tebura a tsakar gida, aka fara zuba miyar mole a kan naman talotalo. Eufemia ta zauna ke nan, ta yagi tortilla, gurasar masarar da suke cin miya da ita, sai ga dattijon nan tsohon direba ya tsaya a kanta, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Oga, a gafarce ni. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura a bayan gida, shekara biyu tana ƙara, na kai ta wuri uku."

"Yau ka tashe ta?"

"Tun shekaranjiya ba ta motsa ba."

"To kar ka taɓa makullin. In na gama cin abinci ka zo ka kai ni." Ta juya ta ƙwala wa yayanta kira a ɗaya teburin. "Yaya! Kar ka cika ciki da yawa, akwai kwanciya a ƙasa."

Leobardo ya ɗaga cinyar talotalo sama alamar ya ji, ya ci gaba da ci.